Ramin Ishbel MacAffer

Shekarun Ishbel MacAffer saba'in da ɗaya, kuma tun tana 'yar tara take yankan fit a ramin ubanta, bayan ƙauyensu a tsibirin Islay. Fit baƙar ƙasar fadama ce, a yanka ta kamar tubali, a shanya, a hura wuta. Da ita Ishbel ke ɗumama ɗaki, da hayaƙinta kuma matatar wiski ke busar da sha'ir. Aikin na mutum biyu ne: ɗaya a sama yana danna ƙarfen yanka, ɗaya a cikin rami yana cafewa yana jefowa tudu. Ƙanenta Dugald ne ke cafe mata, har Allah ya yi masa rasuwa.

Dokar ƙauyen ba ta da kwana-kwana: ramin da ya shekara biyu ba a yanka ba, kwamiti zai ba wani. Bana ce ta biyun tun rasuwar Dugald, Mayu kuma, watan yankan, saura kwana uku ya ƙare. Ishbel ta bi gida-gida neman mai cafewa. Kowa sai ciwon baya. Ta san ciwon: duk a matatar suke aiki, matatar kuwa ramin take so.

Ran nan sai ga manajan matatar, Fraser Dalgleish, da kwalbar wiski a hannu da mai hoto a bayansa.

"Iya, tsaraba na kawo miki. Ji abin da masana suka rubuta." Ya karanta jikin kwalbar. "Hayaƙi mai kauri, gishirin teku, kwalta, ɗan zaƙin zuma daga ƙarshe, da ƙamshin murhun kakanni."

"Kakannin wa?"

Ya yi dariyar yaƙe, ya tsiyaya mata. Ta shinshina, ta kurɓa, ta riƙe a baki. Da fari kamar ta lashi tokar da aka kashe da ruwan teku. Sai warin maganin rauni, sai wani zaƙi ya biyo a hankali, hayaƙin kuma ya zauna a maƙogwaro ya ƙi tafiya. Warin rigar Dugald ke nan sak. Abin ya yi daɗi, wannan ya ƙara ƙona mata rai.

"Wato ɗumin ɗakina za ku ɗura a kwalba ku sayar wa masu tumbi a London, ni in kwana da sanyi."

"Haba Iya! Hita ta ɗumama ɗaki za mu saka miki, mu sa hotonki a kwalba. Ramin ai ya fi ƙarfinki."

"Uwarka ma ka saka mata hita."

Ta kalli takalminsa mai sheƙi.

"To, hoto kake so? Mu je ramin. Ni in yanka, kai ka cafe, a ga manaja da aikin gargajiya."

Mai hoton ya ce wallahi zai yi kyau. A hanya Ishbel ta ƙwanƙwasa tagar Lachie Currie, magatakardan kwamiti.

"Kai mai ciwon baya, fito ka yi kallo. Kallo ba ya karya ƙugu."

Manaja ya shiga rami, laka har ƙauri. Ishbel ta danna ƙarfe, gwiwarta na ƙara, ta ƙi nunawa.

"Cafe da hannu biyu, ɗan nan, ba jariri ba ne! Jefa! Wannan jifan ko kaza ba za ta matsa ba."

Sai da tubali arba'in ya jeru a tudu ta jingina da ƙarfen, tana haki.

"Lachie, an yanka ramin nan bana ko ba a yanka ba?"

Lachie ya dubi manaja, ya dubi ƙasa, ya sosa ƙeya.

"An yanka."

"Da ƙarfi, kunnena ya tsufa."

"An yanka, Ishbel."

Manaja ya fito, takalmi ɗaya ya maƙale a laka. Ba ta ko dube shi ba. Ta saɓa ƙarfenta ta nufi gida. Kwalbar tana nan a kan kantarta, da ita take shafa gwiwa.