Likkafanin Yayana

Yayana ya rasu da hantsi a ɗakinsa na haya a Rafin Guza. Ciwon suga ne ya cinye shi a tsaye. Ni kaɗai ce 'yar'uwarsa a Kaduna, don haka ni aka fara bugo wa waya, na baro ofis ko jakata ban ɗauka ba.

Gara in faɗi da bakina abin da ake faɗa a bayan idona. Yaya ɗan daudu ne, sana'arsa girkin biki. Bai taɓa aure ba. Shekara da shekaru suna zaune ɗaki ɗaya da wani Bakatsine direban tifa, mu dai Direba muke ce masa. Abin da ke tsakaninsu ban taɓa tambaya ba, ban kuma leƙa ba. Abin da idona ya gani shi ne, da ƙafar Yaya ta ruɓe har ni nake toshe hanci, Direba ne ke wanke ta safe da yamma.

A unguwar, in an yi rasuwa ba a zuwa nesa neman likkafani. Akwai wani tela a jikin masallaci, shi ke ajiye farin yadi, a gaya masa tsawon mamaci ya yanka, kuma makullin ɗakin makara a hannunsa yake. Na tura maigidana. Ya dawo hannu rabbana, yana ta sosa ƙeya, wai in yi haƙuri mu san dabara. Dabarar me? Na zari hijabi na tafi da kaina.

Na samu telan yana guga. Na ce, "Malam, yadi na zo karɓa, da makullin makara."

Ya ce, "Hajiya, Allah ya ba ku haƙuri. Amma ni dai hannuna ba ya ciki."

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Kin gane sarai. Shagona ne, addinina ne. Ba mai tilasta ni in sa hannu a sha'anin irin waɗannan mutane. Doka ma tana bayana."

Na ce, "Wane sha'ani ya rage, Malam? Mutum ya mutu. Ba kayan ango na ce ka ɗinka masa ba."

Bai ɗago ba. Wannan bawan Allah, da zai aurar da 'yarsa, Yaya ne ya yini a bakin wuta yana masa alkubus da miyar taushe. Da idona na gan shi yana suɗe yatsu yana neman ƙari. Ran nan addinin ina ya shiga? Na tambaye shi haka a gaban masu jiran ɗinki, duk suka sunkuyar da kai, ga su nan rabinsu sun ci daga tukunyar Yaya. Na ce, "Kai ne mai hisabi? An ba ka makullin makara, ba a ba ka na Aljanna ba."

Makullin dai ya bayar, wai makara ta masallaci ce ba tasa ba. Amma bai miƙo min a hannu ba. Da bakin almakashi ya turo shi a kan tebur, kamar mai ture mushen ɓera. Wannan turin ya fi hana yadin ci mini rai.

Na koma gidan su Yaya rana ta take, ga zafi, ga ƙafar nan tasa da ta ruɓe. An riga an haƙa kabari, an yi wa Yaya wanka, yana kwance a rufe da zanen gado mai furanni. Maigidana ya ce zai hau mashin zuwa babbar kasuwa. Ni kuwa ina tsakar gida ina zazzaga masifa, ina cewa ko zanen jikina ne sai na kwance, amma ɗan'uwana ba zai kwana a waje ba.

Duk wannan abin Direba yana zaune a dokin ƙofa. Sai ya tashi ya ce, "Hajiya, ku bar zuwa kasuwa."

Ya shiga ɗaki ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A can ƙasa, ƙarƙashin tukwanen silba na Yaya, akwai ƙunshi biyu a cikin leda. Ya kwance ɗaya. Likkafani ne, yankakke, ɗinkakke, har da turare a ciki.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Tun yana da ƙafarsa muka saya a Kano, inda ba a san mu ba. Shi ya ce mu saya. Ya ce ranar ba za a sayar maki ba, kuma ba ya son ki tsaya roƙon kowa."

Wato duk shekarun nan da yake ciyar da unguwa, yana musu dariya, suna tsokanarsa yana ramawa, ya san abin da za su yi masa. Ya san su fiye da ni.

An yi masa sallah bayan azahar. Maigidana ne ya ja, sahun bai cika ba, amma an yi. Daga bakin zaure na ga sun ɗaga makara, Direba ya riƙe wajen kai.

Bayan sadakar uku mai gidan hayar ya ce Direba ya tashi. Ranar da zai kwashe kayansa ya zo gidanmu a Mando, ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya ajiye ƙunshi na biyu a gabana.

Ya ce, "Hajiya, ki ajiye min wannan. In kin ji labari, ki kawo. Shi yana da ƙanwa mai faɗa, ni ba ni da kowa."

Yana nan a saman durowata, a cikin ledarsa. Duk lokacin da baƙuwar lamba ta kira ni, sai na ɗaga kai na dube shi kafin in amsa.