Ƙafar Hagun Taubashiyata

A shekarun farin nan na saba'in, da dabbobi suka yi ta faɗuwa a arewa, kawuna, yayan innata, ya baro wajen Tenhya ya sauka gidanmu a Tanout da iyalinsa da ƴan awakin da suka rage masa. Cikin yaransa akwai wata ɗiya sa'ata, doguwa, mai kaushin ƙafa. Ita ɗiyar namiji, ni ɗan mace, wato taubasai ne mu, kuma tun ranar da ta iso ba ta taɓa kirana da sunana ba. "Kai ɗan mace" kawai.

A lokacin ina ganin babu kamata a balo, wato ƙwallon ƙafa, a duk unguwarmu. Wata la'asar muna bugawa a filin bayan lakwal, makarantarmu ta boko, balon ta tsere ta nufi hanya, daidai ita tana wucewa da damin ciyawar awaki a ka. Na ɗaga murya na ce ta miƙo mana. Ba ta ko sauke damin ba. Ta sa ƙafar hagu ta ɗauke balon, sai gani muka yi ta bi ta kan kawunanmu ta faɗa bayan mai tsaron gida. Yara suka fashe da ihu. Ni na ce dace ne.

Washegari mutum ɗaya ya yi mana ƙaranci, wani ya ce a kira baƙuwar gidanmu. Ta zo da wandon yayanta a ƙarƙashin zane, ta ɗaure zanen a ƙugu. Yarinyar da ta tashi tana bin awaki a kan tudun yashi, ina za ta gaji a filinmu? Mu muna haki, ita tana dariya. Idan ta wuce ni da balo sai ta waiwayo ta ce, "Ɗan mace, in jira ka?"

Abin da ya fi cin raina shi ne babu inda zan kai ƙara. In na shigo gida fuska a murtuke, inna ta ce, "Wasan taubasai ne, wa ya taɓa fushi da shi?" In na ƙi cin tuwo, matar kawu ta yi ta tsokanata har sai na ci. Haushin ya zauna mini a ƙirji, ba hanyar fita.

Malamin da ke koya mana, wanda muke kira Mushe, wani mutumin Damagaram, ya lallashi kawu aka sa ta lakwal, ko da ta ɗan wuce shekarun shiga. Ba a jima ba ya ba ta wurina a gaba a wasan balo, ni ya mai da ni baya. Babana, wanda bai taɓa taka filin nan domina ba, ranar wani wasan biki na hango shi tsaye gindin aduwa da abokansa. Da ta jefa balo a raga, har hularsa ya cire. Daga baya ina jin sa a ƙofar gida yana ba maƙwabta labari, yana nuna yadda ta karkata jiki, yana cewa "ɗiyata". Ni ma na yi wasan nan daga farko har ƙarshe, na tare abin da na tare, amma sunana bai fito a labarin ba.

Da ta fara zama budurwa, kawu ya ce ya isa haka, ba ta ƙara shiga cikin maza. Ba ta yi gardama ba. Ni kuwa na koma wurina a gaba, har aka ba ni shugabancin yaran, na ce to, iska ta kaɗo ta wajena. Ashe da saura. Kullum tana bakin fili da zanenta da kallabinta, tana ɗaga murya: wane ya matsa dama, wane ya daina riƙe balo. Ni ina cewa a zo nan, ita tana cewa a je can, yara su tafi can. Na taɓa tsayar da wasa na ce mata, "Ke, wa ya sa ki?"

"Ba wanda ya sa ni," in ji ta. "Na dai ga kuna wahala ne."

A shekarun tamanin dukanmu muka zama malaman lakwal. Aka tura ni Gangara, ita aka kai ta Belbédji. Na haɗa yarana ina koya musu balo, na kuma ji labarin wai wata madam a can tana fita fili da usur a wuya. Ban tambayi ko wace ce ba.

Aka shirya wasa tsakanin makarantu a Tanout, aka haɗa mu da su. Yarana manya ne, sun ci gero sun ƙoshi. Nata ƙanana, yawancinsu ƴaƴan makiyaya, ƙafa ba takalmi. Amma balo ba ta daɗewa a ƙafar kowannensu, kuma kowane yana bugawa da dama da hagu. Na ji daga baya cewa a kan tudun yashi take sa su gudu, kuma akwai ranakun da duk wanda ya taɓa balo da ƙafarsa mai ƙarfi sai ya fita. Suka ci mu, ci mai kyau. Ina tsaye, sai ga yaron da na fi ji da shi ya tsallaka fili ya durƙusa gabanta, yana roƙon ta nuna masa yadda ake tsayar da balo da ƙirji. Ta kuwa nuna masa, a gaban idona.

Da za a zaɓi yaran da za su je Zinder da sunan yankinmu, sufeton makarantu ya ce ita za ta jagorance su, ni in taimaka mata. Taimakon nawa shi ne kula da salkar ruwa da lemun tsami. A Zinder aka fitar da mu tun wasa na biyu. A bayan babbar motar da ta dawo da mu, na jira in ji daɗi, daɗin bai zo ba. Ita ko ba ta kalle ni ba, tana ta yi wa yaran bayanin inda suka yi kuskure, su kuma sun zuba mata ido ko ƙiftawa ba sa yi. Nawa yaran ba su taɓa saurarona haka ba.

Ta ci gaba da koyar da balo har bayan aurenta, da goyo a baya take hura usur. Yanzu duk mun tsufa, gwiwa ta hana ta tafiya mai nisa. Tsofaffin ɗalibaina kan tare ni a kasuwar Tanout, su gaishe ni da ladabi, kafin in gama amsawa su ce, "Mushe, ina Madam? Tana lafiya?" Nakan ce lafiya lau take, in sa kai in wuce.