Fousséni Siddiƙ da Darussansa Arba'in da Ɗaya

Marubucin wannan tarihi ya amsa laifinsa tun farko: takardar da ya rubuta ranar haihuwar marigayi ta bi wanki cikin aljihun riga, saboda haka shekara kaɗai za a samu.

Haihuwa da karatu

An haifi Fousséni a Sokodé ta ƙasar Togo a shekarar 1976, ɗa ga Malam Siddiƙ mai makarantar allo da Khairiyya mai sayar da atamfa. Ya sauke Alƙur'ani a 1989, ya kammala lise, wato babbar sakandare, a 1996, inda marubuci ya zauna benci ɗaya da shi ba tare da hakan ya amfani marubucin a jarrabawa ba. Daga nan ya karanci ilimin kwamfuta a Lomé.

Aure da aiki

A 2006 ya auri Safara'u, malamar makaranta 'yar Korbongou, ya bi matarsa zuwa Dapaong. A 2013 wani kamfani da ma'aikatansa ke warwatse a ƙasashe bakwai ya ɗauke shi aikin rubuta manhajar kwamfuta wadda ke karanta wa makafi abin da ke kan allo, ya kai matsayin babban injiniya a 2017. Al'adarsa ce ya kashe allo ya jarraba aikin da kunne kawai, lamarin da ya sa maƙwabta suka shekara goma suna masa jajen lalacewar na'ura. Sashen da ke sa manhajar magana kuwa, shi kaɗai ya san cikinsa, bai taɓa rubuta bayaninsa ba, kullum cewa yake sai an gama aikin da ke gaba.

Jinya

A watan Maris na 2023 ciwon jijiya ya raunana hannuwansa. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, domin ya san ranar da aka binne shi, dubban makafi za su zauna gaban na'urar da babu mai iya gyara mata baki. Da rubutu ya gagara, Safara'u ta riƙe masa waya yana bayani tana naɗa, da sharaɗi guda: “Baban Izzu, in ban gane ba, su ma ba za su gane ba. Maimaita.” Ya maimaita har ta gane. Cikin wata takwas suka naɗi darasi arba'in da ɗaya, ta aika, kamfani ya yi godiya tun kafin ya buɗe. Tun daga ranar ya koma cin tuwo da miya sosai, yana tsokanar masu dubiya.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Alhamis, 11 ga Janairu 2024, cikin natsuwa. An sallace shi bayan la'asar, aka binne shi a Dapaong. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: Izzuddeen, Lubna da Rachid. Allah ya jiƙansa.

Darussan duka da Hausa ya yi su. A kamfanin babu mai jin Hausa.