Gidan da Ya Fi Kowa Ƙasa

A Kalgo aka haife ni, lokacin da garin bai wuce mahadar hanya ba: wannan ta yi Jega, waccan ta gangara Bunza, ga fadamar shinkafa a kusa. Bayan gidanmu akwai wani ƙaton kududdufi. Daga nan kakanninmu suka haƙi ƙasar da suka gina unguwar, kuma nan ruwan saman unguwar duka yake taruwa. Kafin damina maza sukan fito gayya da fartanya su share hanyar ruwan, a kwaɓa ƙasa a yi wa katangu yaɓe. Ba mai aika wa kowa, hadarin farko ne ke kiran mutane.

Sai Birnin Kebbi ta cika ta tumbatsa, ma'aikata suka gano cewa Kalgo tafiyar shan ruwa ce a mota. Suka zo da rani, suka ga kududdufi a bushe, suka ce ai fili ne. Aka cike shi, aka dasa gidajen bulo. Kowane sabon mai gida kuma sai ya ɗaga dandamalinsa ya ɗara na maƙwabcinsa, don kada ruwa ya shigar masa. Ba mugaye ba ne, sai dai ban taɓa jin ɗayansu ya tambayi inda ruwan zai nufa ba. A hankali gidan mahaifiyata, na ƙasa ɗaya tilo da ya rage a layin, ya koma kamar kwano a tsakiyar faifai.

Ina koyarwa a Gwandu a lokacin, ita kaɗai ce a gidan tun rasuwar mahaifinmu. Na zo na bi ƙofa ƙofa don mu haɗu mu fitar wa ruwan hanya. Da safe sun tafi ofis, da yamma sun kulle get. Wanda na samu ya ce shi ma haya yake, mai gidan yana Abuja. Raina ya ɓaci, na faɗa masa maganar da ba ta kamace shi ba, na koma na ce wa Inna ta haɗa kayanta mu tafi.

"Mi za ni yi Gwandu?" ta ce. "Nan anka kawo ni, nan ubanka yac cika. Ba ni zuwa ko'ina."

Na kawo buhunan yashi na jera a bakin zaure. Ruwan farko ya tsallake su kamar babu.

Cikin watan Agusta, wata rana bayan azahar, aka yi ruwa mai ƙarfi. Ruwan layin gaba ɗaya ya kwanta a gindin katangarta, ɗakin kwananta ya jiƙe ya zauna. Allah ya sa tana zaure tana tsince shinkafa. Da na iso na tarar da ita zaune a kan turmi, ruwa har idon sawu, tana kallon ƙafar gadonta da ta leƙo daga cikin laka. Ba ta yi gardama ba wannan karon. Ta ɗaure abin da ya tsira a zane ɗaya, muka hau mota.

Da kaka na koma da niyyar ta da ɗakin. Na zagaya garin ban sami inda zan haƙi ƙasa ba, ko'ina da mai shi. Maginin ƙasa na ƙarshe da na sani ya rasu, 'ya'yansa kabu-kabu suke yi. Ko da na gina da bulo, ruwan dai nan zai dawo.

Yanzu tana ɗakin da na ware mata a Gwandu. Ƙunshin nan yana bayan ƙofa, ta hana matata ta kwance shi. Duk ranar da na dawo daga Kalgo sai ta tambaye ni, "An soma kwaɓin ƙasa?"

Nakan ce mata an kusa. Ta daina kallon fuskata in ina faɗa.