Ruwan da Ba Ya Jiran Damina

Lokacin unguwar Trikania ta Kaduna duk gonaki ce. Idan an gama cin tuwo, Kaka Saratu, uwar babanmu, takan tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu zagaye murhu. Tatsuniyoyinta duk na dariya ne, banda guda ɗaya. Wannan ba ta buɗe ta da "ga ta nan". Sai dai ta ce, "Ku matso. Kada in ji ko tari."

Wai wata mata ce 'yar tudu ta bi mijinta lebura zuwa ƙasar da dutse ke tsaye, kansa cikin gajimare, ƙafarsa cikin teku, ƙauyuka maƙale a jikinsa cikin ayaba. Wata rana da rani ta sauka bakin ruwa neman itace. Ta duba sama, ba hadari. A garinsu kogi ba ya cika sai an yi ruwa. Sai ta kwance goyo, ta shimfiɗe jaririyarta a kan yashi, a inuwar wani baƙin dutse, nesa da ruwa, ta shiga daji. Da ta dawo, ruwa ya taso, baƙin dutsen ma sai kansa ake gani.

"Kaka, to sai me?"

"Sai barci. Ke Ladi, kwashe gyaɗar nan kafin ta ƙone."

Ni Ladi ban yarda ba. Kogin Kaduna na sani, ruwa ba ya tashi haka kawai.

Bara ɗana Yohanna, da ke aiki a kudancin Kamaru, ya kai ni can. Ga dutsen, ga ayabar. Na bar takalmina a kan busasshen yashi, na hau sama na zauna ina kallon masunta. Rana tsaka, sama fes. Kafin su gama jan taru, ruwa ya tafi da takalmin.

"Mama, ai haka ruwan teku yake yi, sau biyu kullum," in ji Yohanna, yana dariya. "Zan saya miki wani."

Na bi ruwan da kallo. Na tuna kakanmu, mijin Kaka, ya yi lebura a gonakin ayaba na ƙasar nan. Na tuna Kaka takan ce ta haifi biyar, mu kuwa huɗu muka sani. Na tuna in ta goya jika, ko daka take yi ba ta sauke shi.

Shekara da shekaru tana faɗa mana, muna ta ɓarar gyaɗa. Ba wanda ya ce mata sannu. Ko sunan yarinyar ba mu tambaya ba.

Yanzu ni ke ba jikokina labarin. In suka ce, "Sai me?" nakan ce, "Ku ajiye wayar nan, ku ce wa matar sannu." Kuma ba mai tashi sai ya faɗa.