Farcen Inna da Jar Karsana

Inna tana da farce guda da ba ta yankewa, na babban yatsan hannun dama. Da shi take cire wa shanu kaska. Takan kama ta daf da fata, ta murɗa, ta jefa a garwashi. Tun ina yaro nake ƙyamar farcen nan, kuma ban taɓa ɓoye mata ba.

Shekarar da Baba ya rasu, saniya ɗaya ta rage mana a gidanmu na Gaya ta Nijar, ita ma ta tsufa. Ta haifi maraƙa ja, ta shayar da ita wata biyar, ta bi mai ita. Inna ta ɗora ranta kacokan a kan marainiyar. Ita ce ragowar garken Baba, kuma Inna takan ce ba ta son ta bar duniya sai ta tatsi nononta ta dama mana fura da shi.

A unguwarmu, maraƙi na fara tsinkar ciyawa ake haɗa shi da garken wani dattijon Bafulatani, ya bi shanu fadamar bakin kogi. Ni kuwa lokacin na fara koyarwa a lakkol, wato makarantar boko, kaina ya cika da takarda. Na karanta cewa kaska ce ke sa wa shanu ciwon jini, fadama kuma gidan kaska ce. Ranar da dattijon ya zo tafiya da maraƙar, na tare ƙofa.

"Malam, bar ta ta bi ƴan'uwanta," in ji shi. "Wadda kaska ba ta ciza tana ƙarama ba, in ta girma ba ta jurewa."

Na yi dariya har da tafa hannu. "Baffa, wato mu kai ta ga ciwo don kada ta yi ciwo?"

Ya dubi Inna. Inna ta dube ni, ta ce, "To, ɗan lakkol ya faɗa." Rabin zolaya ne, amma ta bi maganata.

Shekara uku karsanar nan ba ta taka fadama ba. Na kafa mata rumfa, na riƙa sayo dusa da harawa da maganin wanka. Kullum da safe Inna za ta bi ta da farce, cikin kunne, ƙarƙashin wutsiya, tsakanin cinyoyi, tana yi mata hira kamar jika. Ta yi kyau, ta yi sheƙi. Maƙwabta na leƙowa kallo, ni kuwa sai hura hanci nake, ina ba da darasi ba wanda ya tambaye ni.

Amma saniya ba ta nono sai ta haihu, mu kuma ba mu da sa. Da damina ta sauka, dole muka miƙa ta ga dattijon. Ya karɓi igiya.

Ba ta cika wata ba ya dawo mana da ita da hantsi, tana tafe tana tsayawa. Jiki zafi rau, ta bar tuƙa, ta ƙi ko kallon dusa. Da ta yi fitsari, Inna ta yi salati: ja ne wur kamar zoɓo.

Na hau moto, wato babur, na ɗauko likitan dabbobi. Ya yi mata allura, ya buɗe fatar idonta, fari fat. Ya tambaye ni inda ta tashi, na faɗa masa, har da ɗan alfahari. Sai ya koma Faransanci don kada Inna ta ji. Ya ce maraƙi in ya gamu da ciwon yana ƙarami, yakan sha shi sama-sama, jikinsa ya saba. Tamu kuwa ta gamu da shi ne da girmanta, jikinta bai san shi ba, ga jinin ya riga ya ƙare. Maganar dattijon ce sak, harshe kawai ya bambanta.

Washegari ta kasa tashi. Muka kira mahauci kafin ta zama mushe. Inna ta shafa goshinta, ta shige ɗaki ta saki labule. Dattijon ne ya riƙe ƙafafu. Na so ya ce mini ai ya faɗa, ko ya zage ni ma, da na fi samun sauƙi. Allah ya mayar da alheri kawai ya ce.

Aka raba wa maƙwabta naman, Inna ko romo ba ta taɓa ba. Bayan la'asar na same ta zaune a bakin rumfar.

"Me likita ya ce maka da yarensu?"

"Ya ce kwananta ne ya ƙare, Inna."

Ta daɗe tana kallona. Inna ba ta jin Faransanci, amma ita ta haife ni. Ba ta ƙara tambaya ba, har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar da zancen ba, kuma wannan shirun nata yana cina har yau.

Ranar dai, a bakin rumfar, ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni rezarka."

Na ɗauko mata. Ta sunkuyar da kai, ta yanke farcen.