Gafakar Malam Isiyaku Magatakarda

Ranar wata Alhamis ce, a kakar shekarar da na shiga aji biyar na firamare, aka haƙa rami a bayan rumbunmu na Kamarawa. An gama yankan gero, dammuna na jingine a jikin danga, gidan duk ƙamshin sabon hatsi. Na dawo daga rijiya da tulu a ka, sai na tarar da Baba Sani, ƙanen mahaifina, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin kakanmu ya zazzage wata tsohuwar gafaka a kai. Ɗakin ya yi yoyo da damina, gara ta bi bango ta shiga gafakar, ta cinye gefen takardun da ke ciki.

Gafakar ta Malam Isiyaku ce, kakan kakana ta wajen uwa, wanda ya yi wa wani hakimi aikin magatakarda a ƙasar Isa tun kafin zuwan Turawa. A gidanmu ba a buɗe ta. Kowa ya tashi da sanin cewa addu'o'i ne a ciki, mu yara ko ƙarƙashin inda aka rataye ta ba ma bi da gudu. Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, manomi ne, karatunsa bai wuce na salla ba, kuma a lokacin yanar ido ta riga ta rufe masa gani. Baba Sani ya duba takardun da ke sama, ya ga Larabci ne da ayoyi, ya ce tunda sun lalace gara a binne su da mutunci, kada iska ta kwashe sunan Allah a tattaka. Baba Tsoho ya ce, "In haka addini yac ce, a yi."

Aka ce in yi alwala in tattara su cikin farin ƙyalle. A shekarar Malama Hajo, wadda ke karantar da mata a unguwarmu, ta fara koya mana waƙoƙin wa'azi da ajami, ni kuwa ɗokin sabon karatu bai bar ni na wuce rubutu ban haɗa baƙaƙensa ba. Ina cikin jerawa sai wata 'yar takarda mai launin ƙasa ta zo hannuna, na soma haɗawa a fili ba da niyya ba. Abin da ya fito bakina Hausa ce tsantsa: "Yau Ladi ta yi haƙori biyu. Ta ciji yatsana, alƙalami ya faɗi."

Baba Tsoho ya ɗago kai ya juyo inda muryata take. "Dije, mi kinka ce? Sake hwaɗi." Na sake. Ya miƙo hannu na ɗora masa takardar, ya yi ta shafa ta da yatsa. "Innata ta," in ji shi. Ladi 'yar Malam Isiyaku ce, tun Baba Tsoho yana ɗan shekara huɗu ta rasu, ko kamanninta bai riƙe ba. Ban taɓa ganin hawaye a fuskarsa ba sai ran nan. Baba Sani ya tashi ya ɗauki shebur ya mayar da ƙasar ramin.

Daga nan har ƙarshen rani, duk Alhamis da Juma'a bayan la'asar, in na gama surfe na ɗaure awaki, sai in zauna gefen Baba Tsoho a gindin darbejiya. Ƙawayena na can dandali suna gaɗa da carafke, wani lokaci har raina ya ɓaci, amma da na fara karatu sai in manta. Na Larabcin Baba Sani ke fassarawa: wasiƙu kan burtalin shanu, da iyakar gona tsakanin wasu mutanen Turba, da izinin wucewa da aka ba fatake. Na Hausar kuwa nawa ne. A cikinsu Malam Isiyaku yana kukan ciwon baya saboda zaman rubutu, yana yabon wata goɗiyarsa, yana jin haushin tawadar da ta yi ruwa. Akwai wata doguwar waƙa da ya yi wa mahaifiyarsa da ke wajen Sabon Birni, lokacin da zaman Isa da Sabon Birni babu daɗi, ba ya iya zuwa gaishe ta. Inda gara ta ci sai mu tsaya mu yi ta lalube, Baba Tsoho ya kawo kalma, ni in kawo, mu yi gardama. Sau shida muka ci karo da sunan Ladi, kuma kowanne sai da ya sa na maimaita har ya haddace.

Damina biyu bayan haka Allah Ya yi masa rasuwa. Kafin nan ya tara 'ya'yansa maza ya ce musu, "Gafaka ta Dije ta, ita ta ji maganatta." Babu wanda ya yi musu.

Yanzu ina koyarwa a Sakkwato, takardun na nan tare da ni cikin akwatin ƙarfe, kowacce a tsakanin fararen takardu. Hanyar gida ta yi wuya saboda rashin tsaro, shekara uku ke nan ina cewa za ni Kamarawa in an samu lafiya. Waɗanda muka zauna da su a tsakar gidan nan, wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu sun watsu garuruwa. 'Ya'yana kan ɗauki hoton takardun da waya su yaba kyan rubutun, amma ƙaramar ce kaɗai ta yarda ta zauna in koya mata haɗa baƙaƙen. Ina gode wa Allah da Ya sa na iya karatu tun Baba Tsoho na da rai.